Manyan gasannin gudun fanfalaki na duniya: wacce ta dace da mai atisaye a Legas?

Tambaya: Ina zaune a Agege, shekarata 29, ina gudun kilomita 10 sau uku a mako kafin in fita kasuwa. Waɗanne gasannin gudun fanfalaki ne suka fi suna a duniya, me ya bambanta su, kuma mutum irina zai iya shiga?

Amsa: Malam, za ka iya shiga. Zakarun Kenya da Habasha da ake nunawa a talabijin 'yan ƙalilan ne a sahun gaba. Sauran dubban da ke bayansu malaman makaranta ne da direbobi da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa irinka. Sai dai gasar da ta fi suna ba lalle ne ita ce ta fi dacewa da kai ba. Mai atisaye a zafin Legas, a gari marar tudu, da fasfon Najeriya a aljihu, ga kuma watan azumi a lissafinsa, zaɓinsa ba ɗaya ba ne da na mutumin Turai.

Tsawon hanyar duk ɗaya ne: kilomita 42 da mita 195. An samo shi ne daga wasannin Olamfik na Landan a 1908, inda aka tashi daga fadar Windsor zuwa filin wasa na White City, sannan a 1921 aka mayar da shi ma'aunin kowa. Abin da ya bambanta gasannin shi ne yanayin hanya, da lokacin shekara, da ƙofar shiga. A 2006 manyan gasanni biyar suka haɗa kai a ƙarƙashin laima ɗaya, wato Boston, Landan, Barlin, Shikago da Niyu Yok. Tokiyo ta shigo a 2013, Sidni ta Ostireliya a 2025. Wanda ya kammala shidan farko ana ba shi wata lambar yabo ta musamman mai taurari shida, kuma ita ce mutane da yawa ke kashe dukiya a kanta.

Boston ce babbar yaya. Tun 1897 ake yin ta, yanzu ranar Litinin ta uku a watan Afrilu, daga ƙauyen Hopkinton zuwa titin Boylston a tsakiyar birni. Darajarta ta zo ne daga yadda ake shiga: mafi yawan masu gudu sai sun kawo shaidar lokacin da suka yi a wata gasa da aka auna hanyarta a hukumance. A ma'aunin gasar 2026, namiji mai shekara 18 zuwa 34 sai ya yi awa 2 da minti 55, mace awa 3 da minti 25. A wurinka ke nan, kowace kilomita a minti 4 da sakan 9, har sau 42 ba hutawa. Cika ma'aunin ma bai isa ba, don masu nema sun fi gurabe yawa, sai a fara ɗauka daga mafi sauri. A gasar 2025 sai wanda ya yi ƙasa da ma'aunin shekarunsa da minti 6 da sakan 51 ne ya samu gurbi.

Hanyar Boston mayaudariya ce. Farkonta gangara ne, mutum ya ji ƙafarsa na tafiya da kanta. Amma gudu a gangara yana dukan naman gaban cinya, domin shi ne birki, kowane taku yana yi masa 'yan ƙananan raunuka da ba a ji sai can gaba. Daga wajen kilomita 26 zuwa 34 sai a tarar da tuddai huɗu na Newton, na ƙarshensu shi ne Heartbreak Hill. Tudun ba wani dogo ba ne, wurin da ya zo ne matsalar: cinya ta riga ta mutu. Mutumin Legas da bai san hawa ba sai na gada, nan yake komawa tafiya. Wannan gangarar ce ta sa ba a karɓar bajintar Boston a matsayin tarihin duniya. Ƙa'ida ta ce kada hanya ta sauka fiye da mita ɗaya a kowace kilomita, kuma kada mafari da maƙura su yi nisa da juna fiye da rabin tsawon gasar. Boston ta saɓa duka biyun. Shi ya sa awa 2 da minti 3 da sakan 2 da Geoffrey Mutai na Kenya ya yi a 2011 bai shiga kundi ba, duk da a lokacin babu wanda ya taɓa yin irinsa. Ga kuma yanayinta da ba ya da tabbas. A 2018 ruwan sama mai sanyi da iska suka kori zakaru da dama daga hanya, wani ma'aikacin makaranta ɗan Japan, Yuki Kawauchi, ya lashe.

Landan ƙanwa ce, 1981 aka fara ta, amma ta fi kowa jama'a a bakin ƙofa. Ana tashi daga yankin Greenwich da Blackheath, a haye gadar Tower dab da rabin hanya, a ƙare a titin The Mall kusa da fadar Buckingham. Hanyar shimfiɗaɗɗiya ce, kuma a Afrilu agogon Landan da na Legas ɗaya ne, barcinka ba zai rikice ba. Mutum 56,640 suka kammala ta a 2025. Matsalar ita ce ƙuri'a, wato zaɓen masu shiga ta hanyar sa'a: fiye da mutum dubu 840 suka nemi gasar 2025, masu neman ta 2026 suka haura miliyan ɗaya. Ka sa sunanka duk shekara idan an buɗe, kwanaki kaɗan ake bayarwa a daidai makon gasar, amma kada ka gina shiri a kanta.

Barlin da Shikago su ne na masu neman lokaci, kuma a ganinmu su ne suka fi dacewa da kai.

Barlin ana yin ta ne a ƙarshen Satumba, tun 1974. Babu tudu, kwanonin hanya masu faɗi ne, sanyin safiya madaidaici, a ƙarshe a ratsa ta ƙarƙashin Ƙofar Brandenburg. A nan Haile Gebrselassie na Habasha ya fara sauka ƙasa da awa 2 da minti 4 a 2008. A nan Eliud Kipchoge ya kafa tarihi sau biyu, 2:01:39 a 2018 da 2:01:09 a 2022, Tigst Assefa ta yi 2:11:53 a 2023. Abu ɗaya da ke kama baƙi: Ƙofar Brandenburg ba ita ce maƙura ba. Bayan an wuce ta da saura 'yan mitoci ɗari, wanda ya zuba duk ƙarfinsa a bakin ƙofar sai ya ƙarasa da jan ƙafa. Ana rufe hanya bayan awa 6 da minti 15.

Shikago tana zuwa ne farkon Oktoba, ana tashi a filin Grant Park a dawo cikinsa. A nan marigayi Kelvin Kiptum ya yi 2:00:35 ranar 8 ga Oktoba 2023, wato kowace kilomita a minti 2 da sakan 51, kafin haɗarin mota ya yi ajalinsa a Fabrairun 2024. Dogayen benayen tsakiyar birnin suna rikita agogon hannu mai aiki da tauraron ɗan'adam a kilomitocin farko, ya nuna maka saurin da ba naka ba. Maganinsa ka riƙa duba allunan kilomita na gefen hanya kana lissafi da kanka. Wani lokacin kuma zafi yana zuwa ba zato. A 2007 sai da aka dakatar da gasar ana tsakiyar yi.

Niyu Yok biki ce. A 1970 mutum 127 suka tashi, suna kewaya lambun Central Park, 55 suka kammala. Daga 1976 aka baza ta cikin gundumomin birnin biyar, yanzu sama da mutum dubu 50 ke gamawa ranar Lahadin farko ta Nuwamba. Gadoji biyar ake hayewa. Ta farko, Verrazzano, da ita ake buɗe gasar da hawa. Ta Queensboro a wajen kilomita 25 babu 'yan kallo a kanta, ba ka jin komai sai ƙarar takalma da numfashi, ga hawa mai tsawo. Ba gasar neman lokaci ba ce. Kuma ana kwashe mutane zuwa tsibirin Staten tun da asuba, wasu su yi awa uku ko huɗu a zaune cikin sanyi kafin a kira rukuninsu.

Tokiyo tun 2007 ake yin ta, yanzu a farkon Maris. Tsari kamar agogo, awa 7 ake bayarwa, amma akwai shingaye a hanya da ake rufewa a kan lokaci, kuma lissafin yana farawa ne daga harbin bindiga, ba daga lokacin da kai ka taka layi ba. Wanda aka sa a rukunin baya ya riga ya yi asarar mintoci kafin ya soma. Sidni a ƙarshen Agusta take, tana da hawa da sauka, ga nisan tafiya.

A wajen waɗannan bakwai akwai masu suna. Ta Atina a Girka, a Nuwamba, tana bin hanyar da ta ba gasar sunanta, daga garin Marathon zuwa tsohon filin da aka yi Olamfik na 1896, kuma tsakiyarta hawa ne mai tsawo. Balensiya a Sifen, a Disamba, tana gogayya da Barlin wajen sauri. Comrades ta Afirka ta Kudu, tsakanin Durban da Pietermaritzburg, ta kusa kilomita 90, ana rufe ta a awa 12 daidai. Wannan ba maganar yanzu ba ce.

To, me ya sa muka ce Barlin ko Shikago? Ka ɗauki kalanda. Shirin fanfalaki yana cin mako 16 zuwa 20, kuma makonni mafi nauyi su ne na wata biyu kafin gasar. Wanda zai yi Landan ko Boston a Afrilu, nauyin atisayensa zai faɗa Fabrairu da Maris, lokacin da Legas ta fi zafi da gumi. A 'yan shekarun nan ma azumi a nan yake faɗawa: na 2026 daga tsakiyar Fabrairu, na 2027 daga farkonsa. Gudun kilomita 30 yana da matuƙar wuya da bakin azumi, bayan tarawihi kuma jiki bai gama mayar da ruwan da ya rasa ba, ga barci kaɗan. Amma mai shirin Satumba ko Oktoba, nauyinsa a Yuli da Agusta yake, lokacin da garin ya fi sanyi a duk shekara. Ruwan sama zai dake ka, takalmi zai jiƙe, amma wannan ya fi rana sauƙi. Tsakanin su biyun kuma Barlin ta fi: agogonta awa ɗaya kawai ya ɗara na Legas a Satumba, na Shikago yana baya da awa 6 (na Tokiyo yana gaba da awa 8), kuma bizar Amurka ta ƙara wuya ga 'yan Najeriya tun 2025. Uku daga cikin bakwai ɗin a Amurka suke, wannan ma abin sawa ne a lissafi.

Ƙofofin shiga huɗu ne. Ƙuri'a ita ce mafi arha; ta Barlin da Shikago ana buɗe su ne a ƙarshen shekara don gasar baɗi, ta Tokiyo a Agusta. Sai shaidar lokaci ga masu sauri. Sai gurbin ƙungiyoyin agaji, inda za ka yi alkawarin tara musu kuɗi, a Landan galibi fam dubu biyu ko fiye, kuma idan ba ka tara ba daga aljihunka zai fita. Sai kamfanonin tafiye-tafiye da gasar ta amince da su, masu sayar da gurbi haɗe da otal. A nan ake damfara. Duk wanda ya ce zai samo maka lamba, wato lambar gudun da ake maƙalawa a riga, ka duba sunansa a jerin da gasar kanta ta fitar. Kada ka sayi lambar wani, don ana karɓar lamba ne da kai da fasfonka kwana ɗaya zuwa uku kafin gasar, kuma gudu da sunan wani yana jawo haramci. Ka kuma sani cewa samun gurbi ba samun biza ba ne, kuma galibi ba a mayar da kuɗin rajista. Da zarar takardar tabbaci ta zo, ranar ka fara neman ganawa da ofishin jakadanci.

Kafin duk wannan, ga gasa a ƙofar gidanka. Gasar fanfalaki ta birnin Legas ana yin ta tun 2016, galibi a Fabrairu, kuma hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ba ta tambarin zinare. A yawancin shekarunta ana tashi ne da sassafe daga babban filin wasa na Surulere, a hau gadar Third Mainland mai tsawon kusan kilomita 12, a ƙare a Eko Atlantic. Ka duba taswirar shekarar da za ka shiga, don hanya tana iya canzawa. Gadar nan babu inuwa ko ta sanda, kuma mai gudun awa 4 ko 5 rana za ta same shi a hanya. Yanayin da ya fi dacewa da fanfalaki digiri 8 zuwa 15 ne a ma'aunin Celsius, Legas kuwa da asuba ma tana wajen 25, ga iska cike da danshi da ke hana gumi bushewa, jiki ya kasa huce kansa. Wanda ya gama ta Legas lafiya, Barlin ba za ta ba shi tsoro ba, kuma takardar sakamakonka tana taimakawa wajen sa ka a rukunin da ya dace da saurinka a ƙasar waje.

Daga kilomita 30 a mako da kake yi yanzu, kada ka yi tsalle. Ka mayar da fita sau huɗu, ka riƙa ƙara kamar kashi 10 cikin 100 a mako, kowane mako na huɗu ka rage don jiki ya warke. Ɗaya daga cikin huɗun ya zama dogon gudu, daga kilomita 12 yana hawa da biyu-biyu har 30 ko 32, a saurin da za ka iya hira da na kusa da kai. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yin kowane atisaye da ƙarfi. Ƙashin ƙwauri da jijiyar dunduniya ba sa saurin sabawa kamar huhu, su ne ke fara ƙara. Ka fita bayan sallar Asuba kai tsaye, ko kafin ta idan dogon gudu ne, da riga mai haske, kana fuskantar motoci, don ɗanfo da keke ba sa ganin mai gudu. Filin wasa na Agege ya isa don gudun sauri. Don hawa, gadar Lekki zuwa Ikoyi ita ce masu gudu ke taruwa a kai da sassafe. Ka hau ka sauka sau shida zuwa takwas, saukar ma atisaye ce. Ka yi rabin fanfalaki, kilomita 21, kafin cikakke. Mako uku na ƙarshe a rage nisa: kamar kashi uku cikin huɗu, sannan rabi, sannan ɗan motsa ƙafa kawai. Takalmi ya ɗara ƙafarka da faɗin babban yatsa, don ƙafa tana kumbura, in ba haka ba farce ya yi baƙi ya fita. Yakan gaji bayan kilomita 600 zuwa 800, na gwanjo kuwa ba ka san nawa ya riga ya ci ba, ka matsa tafinsa ka ji ko da sauran laushi.

Abin da ke kayar da mutane a kilomita 30 zuwa 35 ba rashin zuciya ba ne, man ne ke ƙarewa, kamar janareto da ya shanye tanki. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka bai isa kilomita 42 ba. Idan ya ƙare sai jiki ya koma ƙona kitse, wanda ba ya ba da ƙarfi da sauri, ƙafa ta yi nauyi, kai ya yi dum. Ana kauce masa ta hanya biyu. Ta farko, ci a kan hanya: giram 30 zuwa 60 na sukari a kowace awa, farawa tun minti 40 na farko, ba sai an ji yunwa ba. 'Yar ledar zumar gudu (sukari mai kauri da ake sayar wa masu gudu) ɗaya tana da giram 20 zuwa 25, ayaba matsakaiciya kusan haka, dabino ma yana yi idan ka cire ƙwallon tun a gida. Duk wanda za ka yi amfani da shi ka gwada shi a dogon gudu, don ciki ma sai an koya masa. Sabon abu ranar gasa shi ke kai mutum bayan gida. Ta biyu, kama kai a farko. Mai neman awa 4 saurinsa minti 5 da sakan 41 ne a kilomita, mai neman awa 5 minti 7 da sakan 7. Ga tarkon da ke jiran mutumin Legas musamman: jikin da ya saba da zafi idan ya shiga sanyin ma'auni 12 sai ya ji kamar ba gudu yake ba, ga kiɗa ga ihun jama'a, sai ya rage sakan 20 ko 30 a kowace kilomita bai sani ba. Abin da ya ci a rabin farko, ninkinsa zai biya bayan kilomita 32.

Ruwa kuma da iyakarsa. Ka auna nauyinka kafin gudun awa ɗaya da bayansa. Kowane kilo da ya ragu lita ɗaya ce ta gumi, ka haɗa da abin da ka sha. Yawancin mutane mililita 400 zuwa 800 a awa ta ishe su. Amma adadin da ka saba sha a Legas ya yi yawa a Barlin, don gumin ba ɗaya ba ne. Shan ruwa zalla fiye da kima yana tsinka gishirin jini, ya kawo ciwon kai da amai da ruɗewa, har ya kai ga kisa, kuma masu jinkirin gudu da ke tsayawa a kowane teburi ya fi kamawa. Ka sha gwargwadon ƙishi, ka riƙa haɗawa da ruwan da ke da gishiri da sukari. Ka shafa basilin a hammata da matsematsi, ka manna filasta a kan nono, don rigar da ta jiƙe tana goge fata har jini. Don sanyin jira a wurin tashi, ka tafi da tsohuwar rigar sanyi da za ka yar; a manyan gasanni ana tattara su a ba mabuƙata.

Kafin ka fara shirin, ka je asibiti a auna hawan jini, a saurari zuciya, ka kuma yi gwajin jini na sikila (genotype). Mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila guda ɗaya, yana iya gudu, amma matsanancin aiki cikin zafi da ƙarancin ruwa ya fi yi masa haɗari, don haka likita ya san da maganar. Idan zazzaɓi ya kama ka, na cizon sauro ko wani, babu gudu sai ka warke sarai, ko da ranar gasa ce kuma ka biya kuɗin jirgi. Kada ka sha ibuprofen ko diclofenac kafin tashi da nufin tare ciwo, suna takura ƙoda a daidai lokacin da ruwan jiki ya yi ƙasa. Tramadol kuwa, da wasu ke ɗauka maganin gajiya ne, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya ta haramta shi a lokacin gasa tun farkon 2024.